Biyayyar da ake nema wajen ɗan majalisa, ta wa ce?

Kwanakin baya wani hoto ya yi ta yawo a Facebook. Wani ɗan majalisa ne ya je ta'aziyya gidan wani jigo na ɗaya ɓangaren, mahaifiyar mutumin ce Allah Ya yi wa rasuwa. Sun zauna a kan darduma ɗaya, hannaye a sama ana addu'a, wani ya ɗauki hoton ya saka. Kafin la'asar an gama yanke masa hukunci. Masu cewa ya ci amana na yi, masu cewa dama an daɗe ana zarginsa na yi, wasu har suna kira ga shugabannin jam'iyya na mazaɓarsa su dakatar da shi. Da dare kuma wani sojan baka ya shiga rediyo yana rantsuwa cewa shi da tikiti sai dai a mafarki. Gaisuwar mutuwa fa.

Duk cikin masu maganar ban ji wanda ya tambayi ko mutumin ya taɓa gabatar da ƙudiri a majalisa ba, ko ya taɓa buɗe baki a kan asibitin garinsu da babu likita, ko ina aka kwana a kan kuɗin ayyukan mazaɓa. Abin da ya dami kowa shi ne da wa aka gan shi.

Ra'ayina a kan wannan a bayyane yake. Jam'iyya tana da haƙƙi a kan wanda ta tsayar takara, kuma haƙƙin babba ne. Amma abin da ake auna ƴan majalisarmu da shi yau, ana kiransa biyayya ga jam'iyya, ba shi ba ne. Biyayya ce ga mutum ɗaya, ko gwamna, ko uban gida, ko mai riƙe da jakar kuɗi. Abin da ya fi ɓata min rai kuma shi ne mun juya lamarin a baibai: wanda ya zauna a jam'iyyarsa ya faɗi gaskiya shi ake hukuntawa, wanda ya ɗauke kujerar jama'a sukutum ya kai wata jam'iyya shi ake tarba da kiɗa.

Abin da ake kira biyayya

A duba yadda ake gwada ta. Wace hula ya sa ranar Juma'a? Ya je tarbar mai gida a filin jirgi? Hoton wa ke kan fastarsa, kuma na wa ya fi girma? Da aka zagi mai gida a rediyo, ya ɗauki nauyin wanda zai rama? Ranar da gwamna ya aiko da ƙudiri, ya yi tambaya ko ya yi shiru? Duk cikin waɗannan babu abin da ya shafi manufar jam'iyya. Ka tare shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma ka ce ya faɗa maka abu uku da ke cikin kundin manufofinsu a kan noma ko ilimi, da wuya ya kawo. Amma ya san sarai wa ya je ɗaurin auren wa.

A watan Yulin 2024 Sanata Ali Ndume na Borno ta Kudu ya fito a talabijin ya yi magana a kan yunwa da tsadar rayuwa, ya kuma ce an kange shugaban ƙasa daga jin halin da jama'a ke ciki. Ba a ɗauki lokaci ba uwar jam'iyyar APC ta rubuta wa Majalisar Dattawa wasiƙa, da sa hannun shugabanta na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, da sakatarenta. Aka karanta a zaure, aka sauke Ndume daga muƙamin mai tsawatarwa, aka ba Sanata Tahir Monguno. Mako biyu bayan haka, ranar 1 ga Agusta, matasa suka cika titunan Kano da Kaduna da sauran birane suna zanga-zanga a kan wannan yunwar dai da ya ambata.

Wani zai ce muƙamin mai tsawatarwa na jam'iyya ne, ita ta bayar, tana da damar karɓe abinta. Haka ne, kuma ba na cewa Ndume waliyyi ne. Amma a tsaya a ga saƙon da aka aika wa sauran sanatoci 108. An gaya musu cewa faɗin abin da kowace uwa a mazaɓarsu ta sani, cewa kwanon masara ya gagari talaka, laifi ne da ake biyan farashinsa. Jam'iyyar da ta san ciwon kanta za ta so ta ji wannan maganar daga bakin ɗanta tun kafin ta ji ta daga kan titi.

"Ai jam'iyya aka zaɓa, ba shi ba"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu ɗaya ra'ayin, kuma ba zan raina ta ba. A takardar ƙuri'armu babu sunan ɗan takara, tambarin jam'iyya ne kawai. Kundin tsarin mulkin 1999 bai yarda mutum ya tsaya takara da ƙashin kansa ba, dole sai wata jam'iyya ta ɗauki nauyinsa. A shari'ar Rotimi Amaechi ta 2007 a kan kujerar gwamnan jihar Ribas, Kotun Ƙoli ma ta tafi a kan cewa jam'iyya ce ke cin zaɓe. Mu nan Arewa mun fi kowa sanin haka. A 2015 guguwar "sak" ta kwaso mutanen da ko a unguwarsu ba kowa ya san su ba, ta kai su Abuja, saboda kawai suna ƙarƙashin tsintsiya. A 2023 an sake ganin irin haka a Kano da kwandon kayan marmari. Mutumin da ya hau kujera ta wannan hanya, in ya ce ba ya bin jam'iyya bashin komai, ƙarya yake.

To amma wane bashi? Tsohuwar da ta bi layi tun hantsi ta dangwala wa tsintsiya ko lema ko kwando, alkawari aka yi mata. An ce za a samu tsaro, za a gyara makaranta, taki zai sauka. Wannan alkawarin shi ne bashin da ke kan ɗan majalisa, shi da jam'iyyar baki ɗaya. Idan gwamnatin jam'iyyarsa ta kauce daga alkawarin, ya tashi ya ce an kauce, shi ne mai biyayya na gaskiya. Wanda ya yi gum don kada ran mai gida ya ɓaci shi ya saɓa wa tsohuwar, ya kuma saɓa wa tambarin da ta dangwala wa.

Akwai kuma rantsuwar kama aiki. Ranar da aka rantsar da shi, da Alƙur'ani ko Baibul a hannu, ya yi alkawarin biyayya ga Tarayyar Najeriya da kare kundin tsarin mulki. Babu sunan jam'iyya a rantsuwar, balle na gwamna. Ni wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, don mutum zai tsaya gaban Allah a kan abin da ya rantse.

Wanda ya gudu da kujera

Idan da gaske masu kururuwar biyayya suke, ga inda ya kamata fushinsu ya sauka. Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya koma wata kafin wa'adinsa ya cika ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ce ta rabu gida biyu ko ta narke cikin wata. Sashe na 109 ya faɗi haka a kan ƴan majalisar jiha. A 2015, a shari'ar Ifedayo Abegunde na jihar Ondo, wanda ya bar jam'iyyar Labour ya koma ACN, Kotun Ƙoli ta fayyace cewa rikicin reshen jiha bai isa hujja ba, sai rabuwar ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa. Hukuncin ya zo ne wa'adin mutumin na dab da ƙarewa, ya riga ya ci moriyar kujerar.

Dokar tana nan, amma an bar aiwatar da ita a hannun shugaban majalisa. Shi kuma in zuwa jam'iyyarsa aka yi, me zai sa ya kori baƙonsa? Sai ka ga an miƙa masa wasiƙa, ya karanta da murmushi, ya ce mai girma sanata ya bar jam'iyyarsa saboda rikicin cikin gida da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Zaure ya kaure da tafi. A tashi a rungume shi, a raka shi ya zauna a ɗaya gefen. Bayan kwana biyu a shirya gangami a garinsu, a cire masa tsohuwar hula a kan dandamali, a ɗaga hannunsa sama. Mutanen da suka kwana a rumfar zaɓe suna gadin ƙuri'arsa kuwa a rediyo za su ji labari.

Kuma babu jam'iyyar da ke da bakin magana a nan. A Disambar 2013 ƴan majalisar wakilai 37 suka bar PDP suka shiga APC, ƴan APC suka ce ceton dimokuraɗiyya ne. A Yulin 2018 sanatoci fiye da goma suka fice daga APC, yawancinsu zuwa PDP, sai ƴan PDP suka ɗauki waccan waƙar, ƴan APC suka koma karanto sashe na 68. A Disambar 2023 ƴan majalisar jihar Ribas 27 suka sanar da barin PDP. A 2025 sanatocin Kebbi duka uku suka koma APC, haka ma Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya bar NNPP. Kowane lokaci, wanda aka zo wurinsa ya kira abin jarumta, wanda aka bari ya kira shi cin amana.

Ba na cewa mutum ba shi da ikon canja ra'ayi. Yana da shi. Amma ya ajiye kujerar, ya koma gida ya nemi ƙuri'a a ƙarƙashin sabon tambarin. Marigayi Abubakar Rimi ya yi haka a 1983. Da zai bar jam'iyyar PRP ya koma NPP, ya sauka daga kujerar gwamnan Kano, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau, shi kuma ya shiga zaɓe ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo. Ko kana son Rimi ko ba ka sonsa, ya mayar wa jama'a abinsu suka yanke hukunci.

"Idan kowa ya yi gaban kansa, ta yaya za a yi mulki?"

Tambaya ce mai kyau. Gwamnatin da ba ta da tabbacin ƴan majalisarta ba za ta iya wucewa da kasafin kuɗi ba. Kuma na san akwai masu fakewa da 'yancin ra'ayi alhali ciniki suke nema, su ɗaga murya yau, a kira su gefe da dare, gobe su yi tsit. Irin waɗannan jam'iyya ta ladabtar da su, ba ni da ja. Haka wanda ya yi wa ɗan takarar jam'iyyarsa zagon ƙasa ranar zaɓe, ya karɓi kuɗin abokan hamayya ya sayar da wakilan akwati, wannan laifi ne da ya cancanci kora. Sai dai a tuhume shi a rubuce, a saurari bakinsa, kwamitin da kundin jam'iyya ya tanada ya zauna. Abin da muke gani shi ne a tara shugabannin mazaɓa a wani ɗaki, a ba su takardar da ba su suka rubuta ba, su karanta a gaban kyamara cewa sun dakatar da wane. Washegari wasu shugabannin su fito su ce ba da yawunsu ba.

Amma a tuna da Mayun 2006. PDP ce ke da rinjaye mai yawa a majalisun biyu, shugabancin jam'iyyar kuma yana bayan gyaran tsarin mulkin da zai ba Olusegun Obasanjo damar zarcewa karo na uku. An matsa, an yi barazana, an yi alkawura. Ranar 16 ga watan, Majalisar Dattawa a ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudirin, kuma da yawan waɗanda suka kashe shi ƴan PDP ne. Da ma'aunin yau, dukkansu maciya amana ne. Da sun yi irin biyayyar da ake nema yanzu, da wa'adi biyu ya zama tarihi a ƙasar nan, kuma da waɗanda suka hau mulki daga baya, har da masu neman a yi musu biyayya yau, ba lallai su samu hanya ba.

A kwatanta da abin da ya faru da dokar masarautun Kano. A Mayun 2019 majalisar jiha ta amince da ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu cikin ƴan kwanaki. A Mayun 2024 wata majalisar, a ƙarƙashin wata jam'iyyar, ta rushe dokar da irin wannan saurin, gwamna ya sa hannu a ranar. Ba ina maganar wanne ne daidai ba, kowa yana da ra'ayinsa a kai. Abin da nake cewa shi ne, lamarin da ya shafi sarauta mai ɗaruruwan shekaru da miliyoyin mutane, sau biyu ana wucewa da shi ba tare da an zauna an saurari jama'a yadda ya kamata ba. Kujeru 40 ne a wannan majalisa. A ce a duka lokutan biyu babu isassun masu rinjaye da za su ce a dakata a ji ta bakin mutanen Gaya da Rano da Ƙaraye da Bichi da na cikin birni? Akwai masu wannan tunanin a cikinsu, na tabbata. Tikiti ne ya rufe musu baki. Sakamakon kuma kowa ya gani, shari'a a kan shari'a, da jami'an tsaro a ƙofar fada.

Inda igiyar take

Ɗan majalisa ba wawa ba ne, lissafi yake yi. Ya san talakawa ba su ke ba da tikiti ba. A zaɓukan baya daliget ne ke bayarwa, jerin sunayen daliget kuma daga gidan gwamnati yake fitowa, ko kuma a ce an yi masalaha, wato an zauna a falon mutum ɗaya an rubuta suna. A 2022 fom ɗin takarar majalisar wakilai a APC naira miliyan 10 ne, na sanata miliyan 20, kafin a zo kan kuɗin daliget da na yaƙin zaɓe. Wanda ya ci bashi ko aka biya masa, ya shiga majalisa da igiya a wuya.

Ta ɗaya gefen kuma, me jama'a za su iya yi masa? Akwai kiranye a sashe na 69, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Dino Melaye a Kogi, ya rushe a matakin tantancewa a 2018. Har yau babu ɗan majalisar tarayya ɗaya da aka dawo da shi gida ta wannan hanya. To mutumin da gwamna zai iya gamawa da shi da kiran waya ɗaya, jama'a kuma ba su da yadda za su yi da shi sai bayan shekara huɗu, wa kake zaton zai ji tsoro?

Mu ma muna da namu kason

Ba shugabanni kaɗai ke ɗaure wannan igiya ba. Mu ne ke zagin wakilinmu in an gan shi a ofishin ministan da ba ɗan jam'iyyarmu ba, ko da hanyar garinmu ya je nema. Mu ne ke murna in aikin da abokin hamayya ya faro ya tsaya, ko da asibiti ne, ko da matanmu ne za su haihu a ciki. Akwai ƴan uwa uwa ɗaya uba ɗaya da suka daina gaisawa saboda launin hula, alhali manyan da suke faɗa dominsu suna haɗuwa a bikin ƴaƴansu a Abuja suna raha.

Kuma mun taɓa ganin inda irin wannan ke kaiwa. PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, jam'iyyar da talaka ya fi sa rai a kanta. Shekara ɗaya ba ta cika da kyau ba aka fara rigima a kan ko gwamnoninta biyu suna da damar zama taro da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta ce a'a, suka ce za su je. Jam'iyya ta tsage, Santsi da Taɓo. A Kaduna kuwa majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin gwamna Balarabe Musa na PRP, ya yi mulki babu su, daga ƙarshe ta tsige shi a Yunin 1981. Can jam'iyya ta cinye kanta a kan wa ya zauna da wa. Nan kuma ƴan majalisa sun fifita kayar da abokin hamayya a kan tafiyar da jiha. Talakawan jihohin biyu ne suka biya.

A bar mu mu ga ƙuri'arsu

Akwai gyare-gyare da dama da ake ta magana a kansu, kamar a ba da damar takara ba tare da jam'iyya ba, da a cire hukuncin sauya sheƙa daga hannun shugaban majalisa a sa hukumar zaɓe ta shirya zaɓen cike gurbi kai tsaye. Ina goyon bayan duka biyun. Amma akwai wanda ya fi su sauƙi, ba ya buƙatar a taɓa tsarin mulki, kuma shi ne na fi damuwa da shi.

Yawancin abin da majalisunmu ke yankewa da murya ake yi. Shugaba ya ce masu goyon baya su ce eh, a yi ihu, masu adawa su ce a'a, a yi wani ihun, ya buga guduma ya faɗi wanda ya ji ya fi ƙarfi. Ba a rubuta sunan kowa. A Maris ɗin 2025, da aka kawo batun dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, wadda ta dakatar da zaɓaɓɓen gwamna da majalisar jiha, tsarin mulki ya buƙaci amincewar kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi. Majalisun biyu da murya suka amince. Ta yaya kunne zai ƙirga kashi biyu cikin uku na mutum 360? Wanda ke zaune a Dambatta ko Funtuwa ko Azare, har yau ba shi da takardar da zai duba ya ga ta ina wakilinsa ya tsaya a ranar.

Gwamna ya san yadda kowane ɗan majalisa ya yi, don yana da masu kai masa rahoto. Shugaban jam'iyya ma ya sani. Mai ƙuri'a kaɗai aka bari a duhu, shi ya sa ya koma auna wakilinsa da hula da hoton ta'aziyya, don su kaɗai yake iya gani. A wajabta ƙuri'a da suna a kan kasafin kuɗi, da cin bashi, da haraji, da dokar ta-ɓaci, da duk abin da ya taɓa tsarin mulki ko masarauta, a buga sunayen a jarida, a karanta su da Hausa a gidajen rediyo a daren ranar. Dokokin majalisa sun riga sun ba kowane mamba damar ƙalubalantar hukuncin murya ya nemi a ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidana neman ƙuri'a a zaɓe mai zuwa, zan tambaye shi ko zai tashi ya nemi a ƙirga, ko da shugaban majalisar ɗan jam'iyyarsu ne.